Tsohuwar wasiyya: yaushe za a gyara, yaushe za a sake sabuwa?

Barista Hauwa:
Salamu alaikum. Ina so mu baje maganar sabunta wasiyya a faifai, domin mutane kan rubuta ta sau ɗaya su jefa a akwati su manta. Takardar nan ba ta fara aiki sai ranar da mai ita ya rasu, kuma da halin da ake ciki a ranar za a karanta ta: wa ke raye, wa ya rigaya, me ya rage a hannu, bashin nawa ake bi. Wasiyyar da aka tsara da kyau shekara goma sha biyar baya tana iya zama tushen rigima yau ba tare da an taɓa harafi ɗaya a cikinta ba.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a ɗauko ta a karanta duk bayan shekara uku zuwa biyar, ko da babu abin da ya faru. Amma akwai abubuwan da ba a jiran lokaci ya zagayo: aure, saki, haihuwa, rasuwar wanda aka ambata a ciki, sayar da kadarar da aka yi wasiyya da ita, hawa ko faɗuwar dukiya sosai, da komawa wata ƙasa da zama. Dokoki sun sha bamban, don haka duk wanda zai kawo hukunci ya faɗi na inda yake nufi.

Bari in fara da aure. A Ingila da Wales, ƙarƙashin dokar wasiyya ta 1837, wadda ƙasashe da dama suka gina tasu a kanta, ɗaurin aure yana soke wasiyyar da aka yi kafinsa gaba ɗayanta. Sai fa idan takardar ta nuna an rubuta ta ne da nufin auren wane ko wance, kuma ana son ta ci gaba bayan auren. Wanda ya fi shan wahalar wannan doka shi ne mai aure na biyu da ke da 'ya'ya daga na farko. Yana zaune da tunanin ya tanadar musu, alhali a idon kotu ya mutu ba wasiyya.

Bitrus:
Barista, ki ƙara da cewa ba ko'ina ba ne. A Sikotland aure ba ya soke wasiyya. Lardin Ontariyo na Kanada ya cire wannan ƙa'ida daga farkon 2022. Inda aure ba ya sokewa, matsalar juyewa take yi: tsohuwar takarda tana nan da ƙarfinta, sabuwar mata ko sabon miji ba su cikinta. Ko ta wane ɓangare aka duba, ranar aure ranar sake wasiyya ce.

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam. A fiƙihu aure ba ya warware wasiyya, amma yana iya kashe wani sashe nata ta wata hanya. Ƙa'idoji biyu ne ke aiki: wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada. Abin da ke kuɓuce wa mutane shi ne, ranar mutuwa ake duba wa ne magaji, ba ranar rubutu ba.

Ga misali. Mutum yana da ɗa namiji, ya yi wa ƙanensa wasiyya da wani abu. A wannan rana ƙanen ba magaji ba ne, domin ɗa ya katange shi daga gado, don haka wasiyyar ta inganta. Sai ɗan ya riga ubansa rasuwa, aka bar 'ya'ya mata kaɗai, mahaifin mai wasiyyar ma ba ya raye. Yanzu ƙanen ya zama magaji, shi zai kwashi abin da ya rage bayan masu kason da aka yanka, kuma wasiyyar da aka yi masa ta rataya a kan amincewar sauran. Akasin haka ma yana faruwa: an yi wa ɗan'uwa wasiyya yana magaji, sai aka haifi namiji daga baya, ta koma ingantacciya. Haka wanda ya yi wa wata mata wasiyya sannan ya aure ta, ta shiga sahun magada ke nan.

Shi ya sa duk haihuwa da duk rasuwa a cikin dangi na kusa dalili ne na ɗauko takarda a sake lissafin wa ya katange wa.

Alhaji Bashir:
Malam, Allah ya ƙara sani. Sulusin fa, da dukiyar wace rana ake auna shi?

Malam Ɗanjuma:
Da abin da aka tarar bayan rasuwa, ranka ya daɗe, kuma bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi. A ce mutum yana da miliyan 30 ya yi wasiyya da miliyan 10: 6 ga wata makaranta, 4 ga wani maraya da ya riƙe. Daidai sulusi. Ya rasu dukiyar ta koma 18, ana binsa 3. Saura 15, sulusinta 5. Idan magada ba su yarda da ƙari ba, makaranta ta samu 3, maraya ya samu 2, kowa an rage masa gwargwadon kasonsa. Da an tambayi mamacin, mai yiwuwa ya ce a cika wa marayan nasa tukuna. Amma bai rubuta ba, kuma babu mai ikon rubuta masa.

Don haka idan dukiya ta ja baya, ko dai a mayar da adadi zuwa kaso, a ce rabin sulusi ga wane, ko kuma a fayyace wanda za a fara biya.

Barista Hauwa:
Wannan ciwon yana nan a tsarin Ingila ma, sai dai a can 'ya'ya yake ci. Ana fara biyan kyaututtukan da aka yanke adadinsu, sannan abin da ya rage ya tafi ga masu ragowa, kuma galibi su ne mata da 'ya'ya. Mai miliyan 50 ya raba 20 ga abokai da ƙungiyoyi, ya ce ragowar ta 'ya'yansa ce, yana lissafin 30. Jinya ta cinye dukiya ta koma 22. Abokai za su karɓi 20 ɗinsu cif, 'ya'ya su raba 2. Takardar ba ta da aibi ko ɗaya a doka, amma ta yi kishiyar abin da ya nufa.

Sai kuma kyautar abu takamaimai. Idan ka rubuta "gidana da ke wuri kaza na wance ne" sannan ka sayar ka sayi wani, kyautar ta faɗi. Ba za ta samu sabon gidan ba, ba za ta samu kuɗin tsohon ba. Maganinsa shi ne a rubuta "gidan da nake zaune a ciki lokacin rasuwata", ko a tanadi abin da za a ba ta idan gidan ya fita daga hannu.

Malam Ɗanjuma:
A nan mun haɗu. Mai wasiyya yana da ikon janye ta muddin yana raye, da baki ko da aiki, kuma sayar da abin ko kyautar da shi janyewa ce ta aiki.

Bitrus:
Mu zo kan saki, don nan ne ake yin sakaci mafi muni. A Ingila saki ba ya soke wasiyya. Abin da doka ke yi shi ne ta ɗauki tsohuwar matar ko tsohon mijin tamkar sun mutu ranar da auren ya ƙare a kotu, sai kyautarsu ta faɗi, naɗinsu a matsayin wasiyyi, wato mai zartar da wasiyya, ma ya faɗi. Ramuka biyu ne a nan. Na farko, rabuwar zama ba saki ba ce. Ko shekara biyar aka yi ba a ga juna, ko ana tsakiyar shari'a, idan mutum ya rasu kafin hukuncin ƙarshe ya fito, kyautar tana nan daram. Don haka ana sake wasiyya tun ranar da aka raba gari, ba a jiran takardar kotu. Na biyu, dokar ba ta taɓa dangin tsohuwar matar ba. Idan ka yi wa ƙanenta kyauta ko ka naɗa shi wasiyyi, yana nan.

Kuma idan ita kaɗai ce aka ba wa komai ba tare da madadi ba, cire ta yana nufin dukiyar ta koma rabon wanda bai bar wasiyya ba.

Malam Ɗanjuma:
A fiƙihu kuwa matar da aka saka sakin kome tana gado muddin tana cikin idda. Idan idda ta cika ta fita daga magada, kuma daga nan wasiyya gare ta ta halatta cikin sulusi. Wanda ke son ya bar wa uwar 'ya'yansa wani abu bayan rabuwa, wannan ce ƙofarsa, amma sai ya rubuta. Malikawa sun ƙara da cewa wanda ya saki mata yana cikin cutar ajali, tana gadonsa ko da iddarta ta ƙare, don kada saki ya zama dabarar hana gado.

Alhaji Bashir:
Ku bar ni in shigo da abin da wasiyya ba ta iya kaiwa gare shi, domin mutum na iya biyan lauya ya sake takarda tsaf, kuma kaso mafi tsoka ya tafi inda ba ya so. Inshorar rai, kuɗin fansho, da wasu asusun ajiya suna da fom ɗinsu na wanda za a biya bayan mutuwa. A ƙasashe da yawa kamfani wannan fom yake bi, ba ruwansa da wasiyya. Haka gida ko asusun da mutum biyu suka mallaka bisa sharaɗin wanda ya rage ya ɗauka, wucewa yake kai tsaye.

Shari'ar Egelhoff a Kotun Ƙolin Amurka, 2001, ta nuna wannan ƙarara. Mutumin ya rasu wata biyu bayan saki, sunan tsohuwar matarsa na nan a fom ɗin inshora da na fansho na wurin aikinsa. Dokar jiharsa ta ce saki ya cire ta, amma kotu ta ce dokar tarayya da ke kula da irin waɗannan tsare-tsare ita ce a sama. Matar ta karɓa, 'ya'yansa na auren farko suka tashi a tutar babu.

Saboda haka ranar da za a sabunta wasiyya, a rubuta wa kowane kamfani a nemi kwafin fom ɗin da ke hannunsu. Kada a dogara da abin da aka tuna an cike. A canza, a karɓi shaidar sun shigar da canjin a rubuce, a ajiye ta tare da sauran takardu.

Malam Ɗanjuma:
Ga musulmi akwai ƙari a kan wannan, Alhaji. Kamfani ya biya wanda ke kan fom bai sa kuɗin ya zama nasa shi kaɗai ba idan asalinsa dukiyar mamaci ce. Gara a rubuta a fili cewa wane zai karɓa ne a matsayin amana ya miƙa a raba, don kada a bar shi da jarraba, a bar 'yan'uwansa da zargi.

Barista Ƙasimu:
To yanzu ainihin tambayar: gyara ko sabuwa? Akwai takardar ƙari, wadda ake rubutawa daban a ce "na canza sashe na huɗu na wasiyyata mai kwanan wata kaza, sauran suna nan yadda suke." Ana sa mata hannu da shaidu daidai yadda ake yi wa wasiyya, babu rangwame. Ni ina ganin tana da amfaninta: canza wasiyyi ɗaya, ƙara 'yar ƙaramar kyauta, gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba. Ba kowane canji ne ya kai a sake shafi goma ba.

Barista Hauwa:
Abokin aiki, a nan ban bi ka ba. Takardar ƙari ta samu gindin zama ne lokacin da sake wasiyya ke nufin a kwafe ta da hannu daga farko. Yau tana cikin kwamfuta, gyara sashe ɗaya da sake bugawa aikin mintuna ne, kuma zaman shaidun iri ɗaya ne. Me aka rage? Abin da aka ƙara kuwa ga shi: takardu biyu maimakon ɗaya, kuma ƙaramar ita ce mai saurin ɓata. Idan ta ɓata ko wanda ba ta yi wa daɗi ba ya fara ganinta, tsohuwar wasiyya za ta tafi kotu ita kaɗai kamar ba a taɓa canza komai ba. Sannan duka biyun za a karanta, wanda aka rage wa kaso zai ga abin da aka so ba shi da farko da ranar da aka fasa. Sabuwar wasiyya ba ta barin wannan tabon.

Barista Ƙasimu:
Na karɓi maganar ɓata, amma akwai inda takardar ƙari ta fi aminci. Dattijon da hankalinsa ya fara rauni, yana da wasiyya mai ƙarfi da ya yi yana garau, yanzu wasiyyinsa ya rasu yana son naɗa wani. Idan aka sake sabuwa dungurungum aka yaga tsohuwa, sai wani ya ƙalubalanci sabuwar ya yi nasara, an shiga ruɗani. Idan takardar ƙari ce aka rushe, asalin wasiyyar tana tsaye. Ba a taɓa ginshiƙi don canza ƙofa.

Barista Hauwa:
Wannan hujja ce, na yarda da ita a wannan hali. To mu tsaya a nan: canji ɗaya, ƙarami, wanda bai taɓa wa zai samu me ba, takardar ƙari ta isa. Da zarar an taɓa kaso, ko an cire mutum, ko ana shirin rubuta takardar ƙari ta biyu a kan ta farko, a sake sabuwa.

Hajiya Rabi:
Baristoci, ku yi haƙuri in dawo da ku kan ita takardar kanta, domin masu karɓar wasiyya a rajistar kotu jikinta suke fara dubawa kafin abin da ta ce.

Kada a yi rubutu a kan wasiyyar da aka riga aka sa wa hannu. A tsarin dokar 1837, duk gyaran da aka yi bayan sa hannu ba shi da ƙarfi sai mai wasiyya da shaidu biyu sun sa hannu a gefensa. Idan ka ja layi a kan "miliyan 5" ka rubuta "2" a sama kai kaɗai, kuma ana iya karanta 5 ɗin, to 5 za a biya. Idan ka shafe ta yadda ba ta karantuwa sam, ana iya ɗaukar wurin a matsayin fanko, ko a shiga neman hujjar abin da ke ƙasa. Duk wanda ya faru, an sayi shari'a.

Kada a cire ƙusar da ta haɗa shafuka don a yi kwafi. Ramukan da ta bari da tsatsar maƙalin takarda suna sa a tambaya ko an zare wani shafi ko an taɓa maƙala wata takarda, sai a nemi rantsuwar wanda ya san abin da ya faru. Takardar ƙari ma a ajiye ta cikin ambulan ɗaya da wasiyya, ba a manna ta a jiki ba.

Sokewa kuma tana son abu biyu tare, aiki da niyya. A shari'ar Cheese da Lovejoy ta 1877, mutumin ya ja layi a kan wasu sassa, ya rubuta a baya cewa an soke, ya jefa ta cikin tarin takardun shara. Mai aikin gidan ta tsince ta ta ajiye. Bayan rasuwarsa kotu ta ce wasiyyar tana nan, domin bai ƙona ba, bai yaga ba, kuma rubutun sokewar ba shi da shaidu.

Bitrus:
Hajiya ta taɓo inda ya dace a jera matakai, domin jerin yana da muhimmanci.

A fara rubuta sabuwar, da jumla a farkonta cewa ta soke duk wasiyya da takardar ƙari da suka gabace ta. Idan babu wannan jumla, tsohuwar tana raye a duk inda ba ta ci karo da sabuwar ba, sai a haɗa su a karanta tare. A sa cikakken kwanan wata. A sa hannu gaban shaidu biyu baligai da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa nasu a gabanka. Kada shaida ya zama wanda aka ba wa wani abu a ciki, ko mijinta ko matarsa: a Ingila wasiyyar za ta tsaya amma kyautar wannan mutum ta faɗi. Sai bayan an gama duk wannan ake lalata tsohuwar, da kwafe-kwafenta da ke hannun mutane. Wanda ya yaga tsohuwa yau da niyyar sa hannu a sabuwa mako mai zuwa ya bar kansa a buɗe tsawon mako guda.

Daga nan a gaya wa wasiyyi inda ta asali take. Idan an san tana hannun mai ita aka neme ta aka rasa bayan rasuwarsa, kotu na fara ɗauka cewa shi ya lalata ta da niyyar sokewa, kuma mai riƙe da kwafi ne zai sha wahalar tabbatar da akasin haka.

Barista Ƙasimu:
Ƙaramin gyara ga Bitrus, daidai da abin da na faɗa a sama. Idan ana tsoron za a ƙalubalanci sabuwar, kada a lalata tsohuwar, a bar ta wurin lauya da alamar an maye gurbinta. Idan sabuwar ta rushe, jumlar sokewar da ke cikinta ta rushe tare da ita, tsohuwar ce za ta tashi. Kuma jerin tsofaffin wasiyyoyi da ke nuna mutum ya daɗe a kan ra'ayi ɗaya hujja ce mai ƙarfi.

Hajiya Rabi:
Ga abin da barin takardu barkatai ke jawowa. Mawaƙiya Aretha Franklin ta rasu a 2018, aka ɗauka ba ta bar wasiyya ba. A 2019 aka tsinci rubuce-rubucen hannunta a gida: na 2010 a cikin kabad a kulle, na 2014 a littafin rubutu ƙarƙashin matashin kujera, da goge-goge da ƙari a gefe. Sun saɓa wa juna kan rabon 'ya'yanta. Sai a Yulin 2023 masu taya alƙali hukunci a jihar Mishigan ta Amurka suka ce ta 2014 ce ke aiki, domin dokar jihar tana karɓar wasiyyar rubutun hannu ko ba shaidu. Kusan shekara biyar 'yan'uwa suna gaban kotu. A Ingila wannan takarda ba za ta wuce ba ko kaɗan.

Malam Ɗanjuma:
Malikawa ma ba sa zartar da rubutun da aka tsinta kawai ba tare da an kafa shaida a kansa ba, domin mai yiwuwa mutum yana shawara da zuciyarsa ne ya rubuta. Kuma a fiƙihu wasiyya ta biyu ba ta share ta farko don kawai ta zo daga baya. Idan bai ce ya janye ba, duka biyun za su shiga sulusi su matsi juna. Don haka jumlar sokewar da Bitrus ya ambata, musulmi ma yana buƙatarta, kuma shaidun farko a sanar da su an canza.

Dokta Zainab:
Ina so in ja hankali kan lokaci. Mutane kan tuna da sabunta wasiyya ne bayan likita ya faɗi sunan cuta, kuma a lokacin ne ta fi sauƙin rushewa. Ma'aunin da kotunan Ingila ke bi ya fito daga shari'ar Banks da Goodfellow ta 1870: mutum ya san wasiyya yake yi da abin da take haifarwa, ya san kimanin abin da ya mallaka, ya tuna waɗanda ke da haƙƙin a yi la'akari da su, kuma babu wata taɓuwar hankali da ke juya masa hukunci.

Samun cutar mantuwa ba ya nufin an rasa wannan nan take. A farkonta da yawa suna cika sharuɗɗan, amma ƙofar rufewa take yi a hankali, don haka a yi cikin makonni, kada a ce sai an ga yadda jiki ya yi. A nemi likita ya gwada shi a ranar sa hannu ko dab da ita, ya rubuta tambayoyin da ya yi da amsoshin da aka ba shi. A zaɓi sa'ar da ya fi wartsakewa, ga da yawa da safe ne. A lura da magungunan kashe zafi masu ƙarfi, da zazzaɓi ko ciwon mafitsara, waɗanda kan rikita tsoho na kwanaki sannan ya dawo daidai. Wanda zai amfana da canjin kuma kada ya kasance a ɗakin, kada ya zama shi ya kira lauyan, kada ya zama shi ke fassara.

Barista Hauwa:
Likita, na gode. Ƙari ɗaya: idan sabuwar ta cire wani ko ta rage masa sosai, mai wasiyya ya rubuta dalilinsa a takarda daban da kalmominsa, ya sa hannu da kwanan wata. Ba ta hana ƙara, domin a Ingila dokar 1975 ta ba mata ko miji da 'ya'ya da waɗanda mamaci ke ciyarwa damar neman kotu ta tanadar musu, amma alƙali zai karanta ta.

Bitrus:
Saura masu ƙaura. Komawa wata ƙasa na iya canza dokar da za ta hau kan dukiyar gaba ɗaya. A Faransa 'ya'ya suna da kason da wasiyya ba ta taɓawa: rabi idan ɗa ɗaya ne, kashi biyu cikin uku idan biyu ne, uku cikin huɗu idan sun kai uku ko fiye. Tun 17 ga Agusta 2015, yawancin ƙasashen Tarayyar Turai suna bin dokar inda mamaci ya saba zama, sai idan ya zaɓi dokar ƙasar da yake ɗan ƙasarta a cikin wasiyya. Denmak da Ailan ba sa cikin wannan tsari. Gida da fili kuma a ƙasashe da yawa dokar inda suke ce ke hukunta su.

Mai kadara a ƙasa biyu da wasiyya biyu ya kula da jumlar sokewa. Lauyan ƙasa ta biyu zai sa "na soke duk wasiyyar da ta gabata" bisa sabo, ya kashe ta ƙasar farko ba da sani ba. Kowace ta faɗi dukiyar da ta shafa, ta ambaci ɗayar da kwanan watanta, ta ce ba ta taɓa ta ba.

Malam Ɗanjuma:
Ko tsakanin ƙasashen musulmi akwai bambanci. Dokar Masar ta 1946 ta wajabta wa jikokin da mahaifinsu ya riga kakansu rasuwa wani kaso cikin sulusi. Inda ba a bin wannan, baffanninsu na katange su, ba su da komai sai abin da kakan ya rubuta musu. Wanda ɗansa ya rasu ya bar yara, a makon nan ya kamata ya ɗauko wasiyyarsa. Haka kuma sashen bashi da amanar mutane da ke hannunka, shi ya fi saurin tsufa. Shi kam duk lokacin da aka ci ko aka biya ake gyara shi.

Alhaji Bashir:
Shi ya sa ya fi kyau a ware wata takarda ta lissafi daban da wasiyya: bankuna, lambobin asusu, hannun jari, bashi, inda takardun gida suke. Ita ana canza ta kullum ba shaidu. Kalmomin sirri kuma kada su shiga wasiyya, domin a ƙasashe da dama tana zama takardar da kowa zai iya nema bayan kotu ta tabbatar da ita. Google, Apple da Facebook duk suna da wurin naɗa wanda zai kula da asusu bayan mutuwa, a shiga a saita, a kuma sake dubawa bayan saki. Kuɗin kirifto kuwa idan mabuɗin ya tafi da mai shi, babu kotun da za ta dawo da shi.

Hajiya Rabi:
Tambaya ga baristoci kafin a tashi. Idan dukiya ba ta canza ba, magada ba su canza ba, sai dai wasiyyin da aka naɗa ya tsufa ko ya yi nisa, a taɓa takardar ko a bar ta?

Barista Ƙasimu:
A taɓa ta, Hajiya. Idan wasiyyi ya rasu ko ya kasa kuma babu madadi, wasiyyar ba ta mutu ba, amma kotu ce za ta ba wani daga cikin masu amfana izinin gudanarwa, kuma mai yiwuwa shi ne wanda aka guje wa tun farko. A naɗa biyu, ko ɗaya da madadinsa, aƙalla ɗayansu ya kasance mai ƙarancin shekaru fiye da mai wasiyyar, kuma a tambaye su kafin a rubuta sunansu, domin suna da ikon ƙi. Haka mai riƙon yara: wanda ya dace lokacin da suke goye ba lallai ya dace ba bayan shekara goma, kuma da zarar ƙaraminsu ya balaga a idon doka sashen ya gama aiki, sai a duba ko shekarun da aka ce za a miƙa musu dukiya har yanzu sun yi daidai. Idan canjin wasiyyin ne kaɗai, takardar ƙari mai shafi ɗaya ta wadatar: ta ambaci kwanan watan wasiyyar, ta cire wane ta sa wane da cikakken suna da adireshi, ta tabbatar da sauran sassan, shaidu biyu su sa hannu, a sa ta cikin ambulan ɗin da asalin take.